Ɗalibi a ƙasar waje ya fara sanin gari kafin ya nemi makullin mota

Wata biyu da saukarsa ƙasar da ya tafi karatu, ƙanina ya kira ni da daddare. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Yaya, gaskiya ina buƙatar mota. Sanyin garin nan ba a magana, kuma bas sai ka yi ta tsayuwa kana jira. Akwai wani da zai koma gida yana son rabuwa da tasa da araha." Na tambaye shi nawa ne tsakanin masaukinsa da aji. Ya ce minti ashirin a bas, in an haɗa da ɗan tattakin zuwa tasha a yi rabin awa. Na ce masa ya yi haƙuri ya cika shekara guda tukuna, in har bayan shekarar yana nan a kan bakansa sai mu sake zama. Bai ji daɗi ba, na ji a muryarsa. Amma har yau ina kan wannan ra'ayi, kuma shi nake so in shimfiɗa a nan, domin tambayar ba ta ƙanina kaɗai ba ce. Duk gidan da ya tura ɗa ko 'ya karatu waje, wata rana sai an yi wannan magana.

A ganina, ɗalibin da ya je baƙuwar ƙasa kada ya sayi mota a shekararsa ta farko, sai da wani dalili mai ƙarfi wanda za a iya nunawa da yatsa. Bayan shekarar ma, mafi yawan ɗalibai a mafi yawan garuruwan da ake zuwa karatu ba sa buƙatarta. Akwai waɗanda suke buƙata, zan zo kansu, kuma ba zan rage musu hujjarsu ba. Amma mai yanke hukunci a wannan shari'a shi ne garin da mutum ya sauka da unguwar da ya kama ɗaki, kuma baƙo bai san ko ɗaya daga cikinsu ba a watanninsa na farko.

Mu fara da kuɗi, tunda a nan ne aka fi yaudarar kai. Farashin da mai sayarwa ya faɗa shi ne ƙaramin abin da za a kashe. Ranar da aka karɓi makulli, ranar ake buɗe littafin bashi. Na farko inshora, wadda a kusan duk ƙasashen Turai da Kanada da kusan duk jihohin Amurka tilas ce, ba a hawa titi sai da ita. Kamfanonin inshora suna duba shekarun mutum da tarihin tuƙinsa a ƙasar, shi kuwa ɗalibi baƙo ya haɗa abubuwa biyun da suka fi tsoro: matashi ne, kuma ba shi da tarihi a wurinsu. Ko ya yi shekara biyar yana tuƙi a ƙasarsa ta asali ba tare da ya taɓa goge wata mota ba, sau da yawa a takardarsu sabon direba ne. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga inshorar shekara ɗaya ta kai kuɗin tsohuwar motar da aka saya, ko ta wuce. Sai harajin hanya, sai binciken lafiyar mota: a Birtaniya duk motar da ta haura shekara uku sai an kai ta gwajin da suke kira MOT kowace shekara, a Jamus duk shekara biyu. In aka ce birki ya ci ko tsatsa ta kama ƙasan mota, ba za ta koma titi ba sai an gyara, kuma makanike a waɗannan ƙasashe da awa yake lissafin aikinsa. Sai mai. Sai wurin ajiyewa, a bakin gida da kuma a makaranta, wanda jami'o'i da yawa suke sayar da izininsa zango-zango. A lardin Kebek na Kanada doka ta wajabta sa tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, wato sai mutum ya mallaki tayoyi kashi biyu, ya kuma samu inda zai adana waɗanda ba ya amfani da su.

Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta lissafa cewa riƙe sabuwar mota a 2023 yana cin sama da dala 12,000 a shekara in an haɗa faɗuwar darajarta da mai da inshora da gyara. Na san ɗalibi ba sabuwa zai saya ba, ta hannu zai nema, don haka lissafinsa ba zai kai nan ba. Sai dai abin da ya rage a faɗuwar daraja, wani sashe nasa a gareji yake biya. Kuma akwai wani tarko da ya fi kama mai ƙaramin ƙarfi. A Landan, tun watan Agustan 2023 aka faɗaɗa yankin hana hayaƙi da ake kira ULEZ ya game dukan unguwannin birnin. Motar da injinta bai cika sharaɗi ba, wato galibin masu shan fetur da aka ƙera kafin 2006 da masu shan dizal da aka ƙera kafin ƙarshen 2015, tana biyan fam 12.50 duk ranar da ta motsa. To wace mota ce ake sayar wa ɗalibi da araha? Ita ce dai wannan. Arahar tata ma daga nan ta samo asali.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda zai biya duk wannan. Hanya biyu ce kawai. Ko iyaye su ƙara a kan abin da suke turowa, alhali da yawansu sai sun matse kansu sun canza kuɗin ƙasarsu zuwa dala ko fam ko yuro a farashin da ba ya tsayawa wuri ɗaya, ko kuma ɗalibin ya nemo da guminsa. Gumin nan kuwa doka ta auna shi da mudu. A Birtaniya mai bizar karatun digiri awa 20 aka yarje masa ya yi aiki a mako lokacin da ake karatu. A Amurka mai bizar ɗalibi ta F-1 shi ma awa 20 ne, kuma a shekarar farko a cikin makaranta kawai. Kanada ta tsayar da awa 24 a mako a wajen makaranta tun ƙarshen 2024. Jamus ta ba ɗalibin da ba ɗan Tarayyar Turai ba kwana 140 cikakku a shekara, ko rabin yini 280. Wannan ɗan abin da aka yarje, daga cikinsa ake cikon kuɗin haya da cefane da littattafai da rigar sanyi. In mota ta shigo, ita ma a nan za ta ci. Sai ka ga yaron da da zai wadatu da aikin awa goma ya koma yana cike awa ashirin ɗinsa kaf, yana karɓar aikin dare da na ƙarshen mako. Awoyin nan ba daga sama suke faɗowa ba. Daga ɗakin karatu aka ɗebo su, daga barci, daga zaman da ya kamata ya yi da malaminsa. An tura shi ya samo ilimi, ya ƙare yana yi wa ƙarfe bauta, ƙarfen da zai wuni a ajiye awa ashirin da uku cikin ashirin da huɗu.

Akwai amsar da ake yawan bayarwa a nan: ai motar za ta ciyar da kanta, zan riƙa ɗaukar fasinja ko kai saƙon abinci da yamma. Ina roƙon duk mai wannan tunani ya karanta sharuɗɗan bizarsa da kyau. Bizar ɗalibi a Birtaniya ta hana sana'ar kai, kuma yawancin masu irin wannan aiki ta manhajar waya a matsayin masu zaman kansu ake ɗaukarsu. A Amurka tuƙa Uber da bizar F-1 aiki ne ba bisa izini ba, kuma yana iya jawo a soke matsayin mutum na ɗalibi gaba ɗaya. Ban da haka, inshorar mota ta yau da kullum ba ta ɗaukar nauyin haɗarin da ya faru ana cikin haya. Mutum ya sa digirin shekara huɗu a caca saboda kuɗin mai, wannan ciniki ne da babu riba a cikinsa ta kowace fuska.

Sai maganar lasin. Mutane da yawa suna zaton lasin ƙasarsu, ko takardar tuƙi ta ƙasa da ƙasa, za ta raka su har su gama karatu. Ba haka ba ne. A Birtaniya wata 12 ne daga ranar da mutum ya zama mazauni, daga nan in ƙasarsa ba ta cikin waɗanda ake musayar lasinsu, sai ya zauna jarrabawar rubutu da ta tuƙi kamar kowane sabon shiga. A Jamus wata shida ne kacal, kuma neman lasin Jamus abu ne da 'yan ƙasar ma suke kuka da tsadarsa. A Amurka kowace jiha da dokarta. Wanda ya ci gaba da tuƙi bayan wa'adi ya wuce, a idon doka marar lasi ne, kuma inshorarsa na iya zama takardar banza ranar da ya fi buƙatarta. A Birtaniya tuƙi ba inshora tara ce ta fam 300 da maki shida a kan lasi, kuma 'yan sanda na iya kwashe motar. Ɗan ƙasa in ya faɗa wannan rami zai biya ya wuce. Baƙo kuwa abin yana binsa, domin takardar neman bizar Birtaniya tana tambaya ƙarara ko an taɓa hukunta mutum a kan laifin tuƙi. Kuskuren da aka yi a shekarar farko sai ya fito ranar da aka je sabunta izinin zama.

Kada kuma a manta da rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ɗalibai suna tsakiyar wannan rukuni. Ɗora a kan haka baƙon titi, baƙin alamu, a wasu ƙasashen kamar Birtaniya da Malesiya da Indiya da Japan ma tuƙin ta hannun hagu ake yi, ga duhun hunturu da ke sauka tun ƙarfe huɗu na yamma a arewacin Turai, ga ƙanƙarar da ke kwanciya a kan kwalta ba a ganinta sai mota ta fara sulɓewa. Wanda bai taɓa taka birki a kan ƙanƙara ba, ba ya sanin yadda abin yake sai ya faru. Uwa da ke can nesa tana addu'a, ita ma tana da haƙƙi a cikin wannan lissafi.

To me ke ɗaya ɓangaren? Ina ganin da yawa daga masu ɗokin mota suna auna motar haya da abin da suka saba gani ko suka saba ji, ba su tsaya sun dubi abin da ke gabansu ba. A garuruwa da yawa da ake zuwa karatu, gwamnati da jami'a sun riga sun biya wa ɗalibi mafi yawan kuɗin zirga-zirgarsa. Jamus ce misalin da na fi so. A watan Mayun 2023 ta fito da tikiti guda na wata-wata, a kan yuro 49 a lokacin, wanda ke ba mutum damar hawa duk bas da tarago (ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titunan cikin gari) da jirgin ƙarƙashin ƙasa da jiragen yanki a faɗin ƙasar. A 2024 aka yi wa ɗalibai nasu a kan kashi 60 cikin ɗari na farashin, wato yuro 29.40 a wata. A wannan shekarar mafi ƙarancin albashi a Jamus yuro 12.41 ne a awa. Ma'ana aikin da bai kai awa uku ba ya biya wa ɗalibi zirga-zirgar wata guda, daga Hambag har Miyunik in yana da haƙurin canza jirgi. Farashin ya ɗan hau daga baya, amma a nuna mini motar da za a riƙe da aikin awa uku a wata. Lukzambag ta wuce nan ma, tun Maris ɗin 2020 motocin haya na gwamnati kyauta ne ga kowa, ɗan ƙasa da baƙo. A Landan katin Oyster na ɗalibai yana rage kashi 30 cikin ɗari a tikitin mako da na wata, katin jirgin ƙasa na 'yan shekara 16 zuwa 25 kuma yana rage kashi ɗaya cikin uku. A Bankuba ta Kanada ana haɗa kuɗin katin bas da jirgi a cikin kuɗin makaranta. A Istanbul katin ɗalibi yana da rangwame mai yawa, kuma da shi ake hawa bas da jirgin ruwa da jirgin Marmaray da ke ratsa ƙarƙashin mashigin Bosforus tun 2013. Wanda ya taɓa ganin cunkoson gadojin Istanbul da yamma ba zai yi wa ɗalibi fatan mota a can ba. Haka Alƙahira, wadda jirginta na ƙarƙashin ƙasa ke aiki tun 1987, haka Mosko, haka Kuala Lumpur.

Wasu ƙasashen ma da gangan suka sa mallakar mota ta yi wuya. A Singafo sai an sayi takardar izinin mallaka kafin a sayi motar kanta, kuma takardar ta sha haura dalar Singafo 100,000. A yawancin biranen Japan ba za a yi wa mota rajista ba sai mai ita ya kawo shaidar yana da wurin ajiye ta. A Holan kekuna sun fi mutane yawa, a tashar jirgin Utrek kaɗai akwai wurin ajiye keke 12,500, kuma shehun malami da ɗalibinsa duk a kan keke suke isa aji. Jami'o'in da kansu sun daɗe da gane wannan. A jami'ar Kambrij ta Birtaniya ɗalibin digirin farko ba ya ajiye mota a cikin mil goma daga tsakiyar gari sai da izinin jami'a na musamman. Stanford a Amurka ba ta barin 'yan shekarar farko su zo da mota. Waɗannan makarantu sun ga dubban matasa sun shigo sun fita, sun san abin da mota ke yi wa shekarar farko.

Akwai kuma wata riba da ba ta shiga lissafin kuɗi, kuma a wurina ta fi duk sauran. Mai zuwa karatu waje ba takardar shaida kaɗai ya je nema ba, in da ita ce kawai da yanzu ana iya samunta ta intanet daga ɗaki. Ya je ne ya ga yadda wasu mutane suke rayuwa, ya ji harshensu a bakinsu, ya gane yadda suke tafiyar da gari. Bas da jirgi aji ne na wannan darasi. A nan zai ji yadda tsohuwa ke yi wa direba godiya, yadda ake neman hanya cikin ladabi, kalmomin da ba sa cikin littafin koyon harshe. A nan zai koyi karanta taswira da jadawali, ya san unguwar masu hali da ta talakawa, ya ga wa ke tashi aiki da asuba. Ɗalibin da ke koyon Turkanci ko Jamusanci ko Rashanci, rabin awar da yake yi a tarago kullum ta fi masa wani darasin na cikin aji. Mai mota kuwa daga ƙofar gida zuwa filin ajiye motoci, gilashi a rufe, yana sauraron abin da ya saba saurare. Yana iya shekara huɗu a gari bai san shi ba sai manyan titunansa. Kuma lokacin bas lokaci ne da ake iya karatu a cikinsa, a duba darasin jiya ko a amsa saƙon gida. Mai tuƙi idonsa da hankalinsa duk na titi ne.

Zan ƙara da abin da ba a cika faɗa ba. A cikin ɗalibai baƙi, mai mota shi ne direban kowa. A tashe shi da tsakar dare a ce a ɗauko wani daga filin jirgin sama, a kira shi ranar Asabar a ce za a kwashe kaya zuwa sabon ɗaki, a ari motar a dawo da ita da tabo. Taimakon 'yan'uwa abu ne mai kyau, kuma a baƙunta ya fi kyau. Amma yaro ɗan shekara goma sha tara ba kasafai yake iya cewa a'a ba, ko da gobe yana da jarrabawa, kuma aron mota ga wanda sunansa ba ya cikin inshora matsala ce ta doka ga su biyun.

Yanzu ga masu hujja, kuma hujjarsu ta gaske ce. Amurka daban take. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an gina yawancin garuruwanta a kan zaton kowa na da mota: gidaje a nan, kantuna a can bayan babbar hanya, wani wurin ko gefen tafiyar ƙafa babu. Ban da birane irin su Niyok da Boston da Shikago da Washinton, akwai wuraren da bas ke zuwa sau ɗaya a awa, ya daina da magariba, ranar Lahadi kuma babu shi sam. Arlington ta jihar Texas, mai mutum kusan dubu ɗari huɗu da babbar jami'a a cikinta, ta yi suna a matsayin birni mafi girma a ƙasar da ba shi da layukan bas na yau da kullum. Wanda ya sauka a irin wannan wuri, in ya ce yana buƙatar mota ba son jiki ba ne. Haka yake a ƙananan garuruwan Kanada da Ostireliya. Sai dai ko a Amurkan, garuruwan jami'a da yawa sun yi wa kansu mafita. A Chapel Hill bas kyauta ne tun 2002, a Davis ta Kalifoniya ɗalibai ne da kansu ke tuƙa bas-bas ɗin gari. Don haka ko a ce "Amurka zan je" bai isa amsa ba, sai an ce wane gari.

Akwai ɗalibin aikin jinya ko likitanci ko koyarwa da za a tura asibiti ko makarantar da ke wani ƙauye, a ce ya iso ƙarfe bakwai na safe alhali bas na farko sai bakwai da rabi. Akwai mai binciken noma ko ƙasa da gonar gwajinsa ke bayan gari. Akwai mai digiri na uku da ya zo da iyali, yara biyu ko uku, wannan a kai shi makaranta, wancan asibiti, ga cefanen gida guda. Ba zan ce wa wannan bawan Allah ya riƙa jan keken jariri a cikin dusar ƙanƙara yana jiran bas ba. Akwai mai lalurar jiki da hawa da sauka ke wahalar da shi. Duk waɗannan dalilai ne da ake nunawa da yatsa, kuma galibinsu ba na shekarar farko ba ne.

Hujjar da na fi ɗauka da nauyi ita ce ta 'yan mata. Ɗaliba da ke tashi daga ɗakin gwaje-gwaje ko wurin aiki ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ta tsaya ita kaɗai a tasha, wani lokacin shigarta ko launin fatarta ya sa wani marar kunya ya tsangwame ta, tsoronta gaskiya ne, kuma ba wanda ya isa ya ce mata ta daure kawai. Ba banza ba jiragen Alƙahira da na Delhi suka ware taragon mata. Amma ko a nan ina ganin a fara duba abin da ke akwai: jami'o'i da yawa suna da motar dare ko masu rakiya zuwa masauki, kuma kuɗin tasi na dare biyu ko uku a mako sau da yawa bai kai abin da mota za ta ci ba. In an gwada duk wannan bai wadatar ba, to ta sayi motarta, kuma iyayenta su taimaka mata da zuciya ɗaya.

Abin da na lura shi ne, sau da yawa matsalar da ake kira ta rashin mota, matsalar masauki ce. Ɗalibi tun yana gida ya kama ɗaki ta intanet saboda ya ga haya da sauƙi, bai duba ko akwai tasha kusa ba, sai ya iso ya tarar sai ya canza bas biyu kafin ya kai makaranta. Daga nan sai ya ce mota ce mafita. Da ya ƙara wani abu a kan haya ya zauna inda zai taka da ƙafa ko ya hau keke, da ƙarin bai kai abin da mota za ta lashe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a sa hannu a takardar haya, a buɗe taswira a waya, a sa adireshin gidan da na tsangayar, a duba tafiyar ƙarfe takwas na safiyar Litinin, a sake duba ta ƙarfe goma na dare, a sake duba ta Lahadi. A tambayi ɗaliban da suka riga zuwa, domin su suka san layin da ke makara da wanda ke tsayawa in ƙanƙara ta zuba. Sauran buƙatun da ke tasowa jefi-jefi, kamar kwashe kaya ko ziyarar wani gari, akwai hayar mota ta yini ko ta awa a birane da yawa, ko da yake kamfanonin kan ƙara kuɗi ga wanda bai kai shekara 25 ba. Manyan kantuna kuma suna kawo cefane har ƙofa.

Iyaye ma ina da magana da su. Wani lokacin ba yaron ne ke matsawa ba, uban ne ke jin nauyin a ce ɗansa na bin bas a ƙasar mutane, ko uwa ta ga hoton 'yar wata a jikin mota ta ce tata ba za ta zama koma-baya ba. Baba, Mama, a garuruwan nan mai bin jirgi ba a ganinsa a matsayin wanda ya rasa. Lauyoyi da likitoci da manyan ma'aikata da shi suke zuwa aiki. In akwai rarar kuɗi, a sa ta a ɗaki mai kyau kusa da makaranta, da takalmi da rigar da za su tare sanyi da gaske, da tikitin zuwa gida lokacin hutu. Kuma a tuna karatu yana ƙarewa. Mai digiri na biyu a Birtaniya galibi shekara ɗaya ce kawai a gabansa; kafin ya gama da lasi da rajista ya saba da titi, lokacin rubuta kundi ya yi. Ranar tafiya kuma dole a sayar da motar cikin gaggawa, masu saye sun san jirginsa ya kusa tashi, su za su faɗi farashi. Wanda ya so sayar wa ƙanina tasa da araha, a wannan hali yake.

Ƙanin nawa ya cika shekararsa. A zango na biyu ya bar ɗakin farko ya koma wani da ke kusa da tsangayarsu, ya sayi keke na hannu a wurin wani ɗalibi, lokacin sanyi kuma yana bin tarago da katinsa. Da muka sake maganar, ya ce a shekara ta uku za a tura su aikin koyon sana'a a wata masana'anta da ke wajen gari, kuma ya riga ya duba, bas ɗin farko ba ya isa can kafin a fara aiki. Na ce masa to ya fara neman lasin ƙasar tun yanzu, ya tambayi kamfanonin inshora uku farashinsu a rubuce, ya kuma bincika ko cikin waɗanda za a tura tare akwai wanda za su haɗa kuɗin mai. Ya ce akwai mutum biyu, kuma ɗaya daga cikinsu ya riga ya ci jarrabawar tuƙi.